Ƙuri'ar Mawahib

Duk wanda ya yi aiki da Salahuddin a wurin gasa jan bulo na Aljirif da ke Khartum ya san abu biyu ne suka shiga ransa, ƙwallo da waƙa. Ƙwallon ba ya iya bugawa, gwiwa ta daɗe da juya masa baya. Waƙar kuwa, in ya buɗe baki, abokan aiki roƙonsa suke ya dubi girman Allah ya yi shiru. Da ya ga duka biyun sun ƙi shi, sai ya haɗa su wuri guda ya naɗa kansa alƙali.

Zaure ya buɗe a WhatsApp, ya sa masa suna Kofin Duniya na Waƙa. Ƙasashe goma sha shida, a haɗa su biyu-biyu. Kowace ya ɗora mata waƙoƙi uku da safe, jama'a su saurara su danna wadda ta fi burge su, da kiran sallar magariba a rufe, wadda ta sha kaye ta tattara ta koma gida. Mutum talatin da ɗaya ne a ciki: abokan aiki, maƙwabtansa na unguwar Hajj Yusuf, 'yan uwa da ke unguwar Mayo, da matarsa Mawahib. Shi ba ya zaɓe, kuma ba ya jin roƙo. Ranar da Mali ta fitar da Nijeriya da ƙuri'a ɗaya, dattawan unguwa, jikokin waɗanda suka taso daga Kano da Sakkwato suka yi noman auduga a yankin Jazira na Sudan, sun zo har ƙofar gida a kan a sake wasan. Ya ba su shayi, ya raka su bakin titi, ya ce an tashi.

Ana cikin haka yaƙi ya faɗo wa Khartum, ranar wata Asabar cikin azumi. Kwana biyu kafin nan Mawahib ta haye Omdurman wurin ƙanwarta Wafa'a da ta haihu, da niyyar kwana uku. Gadoji suka zama wurin da mutum ba ya hawa in yana son ransa. Ta tsaya can, shi yana nan, kogin Nilu a tsakani, ga mahaifiyarta Gogo a gidansa.

Kira ba ya shiga, in ya shiga ba a jin juna. Amma danna ƙuri'a abu ne ƙarami, ko layi ya leƙo na minti ɗaya sai ta wuce. Ba wanda ya tsara, haka kawai gasar ta zama kiran suna. Wanda ya danna yau, yana da rai yau. Salahuddin ya shiga jan wasan kamar roba don kada ya ƙare: ya ƙirƙiro gida da waje, ya ƙirƙiro neman na uku, har waɗanda aka fitar ya dawo da su wasan sada zumunta. Kullum da yamma ya buɗe jerin sunaye yana bi da yatsa. Wasu sun danna daga Madani, wasu daga Gadarif, garuruwan da suka gudu, wasu sun yi shiru ba bayani. In ya ga sunan Mawahib sai ya ɗaga murya daga tsakar gida ya ce ta zaɓa, Gogo ta amsa da hamdala daga ɗaki.

Ran wata Litinin sunan bai fito ba. Talata ma haka. Ya kira lambarta ya kira ta Wafa'a, duka a kashe. Ya ce wa Gogo wuta ce babu a Omdurman, shi ma ya yi ƙoƙarin yarda da hakan. Zuwa Alhamis abinci ya daina wuce masa. Tsoro yake ji, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Jama'a suka matsa a yi wasan ƙarshe, Sudan da Habasha. Ya ɗora da safiyar Juma'a ba don yana so ba. Mutanen da aka tarwatsa daga gidajensu, ka sa musu kiɗan gangar dalluka da muryar garinsu, ai ba sai an tambaya ba. Kafin azahar Sudan na da goma sha bakwai, Habasha uku.

Yana zaune a inuwar katanga ukun ta koma huɗu. Ya buɗe sunaye, ga Mawahib.

Bai san lokacin da goshinsa ya taɓa ƙasa ba. Ya ɗago yana dariya yana hawaye, ya rubuta mata ita kaɗai, yana tambaya tana ina, tana lafiya, ya mai jego. Saƙon murya ya dawo. Ya manna wayar a kunne.

Muryar namiji ce, da Larabci, a sake, yana tauna wani abu. "Kai ne alƙalin? Wallahi wasanku ya burge ni, ya zol, mutumina. Tun jiya nake sauraro. Amma mutanenka ba su da kunne, Habasha ta fi."

Salahuddin ya tambayi mutumin ko shi wane ne, kuma ina mai wayar. Ya roƙe shi don Allah da Annabi. Amsar ta ɗau minti goma, kuma da dariya ta zo.

"Matarka ce? To mu yi haka. In Habasha ta ɗau kofi kafin magariba, zan gaya maka abin da na sani. In Sudan ta ci, halas, na fita daga zauren."

Mutumin da ya mayar da dattawan unguwa hannu wofi, shi ne ya zauna yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su canza ƙuri'a. Bai rubuta a zaure ba, don baƙon na ciki yana kallo. Kowa a keɓe ya tura masa, kalmomi iri ɗaya: maganar Mawahib ce, ka koma Habasha, kada ka tambaye ni yanzu. Waɗanda saƙon ya iske ba su yi gardama ba. Matsalar layi ce. Ya hau kan tulin bulo a bayan gida yana ɗaga wayar sama, ya sauko in ya ji harbi ya matso, ya sake hawa.

Da la'asar mutum shida sun juya. Sudan goma sha ɗaya, Habasha goma. Sauran duk shiru, saƙonsa bai ma isa gare su ba. Ya dubi allon, ya danna wa Habasha da hannunsa, karo na farko tun da aka fara gasar. Nan take saƙo ya shigo, baƙon na cewa ashe alƙali ma yana shiga fili, amma kunnen doki ba nasara ba ce.

Cikin waɗanda suka rage a ɓangaren Sudan, mutum ɗaya ne ƙafa za ta kai gare shi: Baba Maiturare, tsohon da ke sayar da turaren wuta a kasuwar unguwa kafin a kulle ta. Ya danna da sassafe, wayarsa ta mutu, gidansu ba wuta kwana shida. Tsakaninsu layi biyu ne kawai da titin kwalta. A bakin titin nan kuwa masu bindiga suka kafa shinge, kuma abin da suka fi so a jikin mutum ita ce waya.

Salahuddin ya tura wayarsa cikin kwanon gari ya ɓoye. Ya ɗauko ɗan batirin caji da igiyarsa ya ɗaure a cinya da tsumma, ya zuba kisira, wainar dawar Sudan, da miya a kwano ya rufe. Gogo, wadda a shekara goma sha biyu na surukuta ba ta taɓa tsayawa gabansa ido da ido ba, ta fito ta tare ƙofa.

"Malam, ina za ka da rana haka? Yarinyar ce?"

Ya ce abinci zai kai wa Baba Maiturare. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai, sannan ta matsa.

Su huɗu ne a shingen, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Tun daga nesa ɗaya ya ɗaga bindiga ya yafito shi da bakinta. Suka tambaye shi waya, ya ce an karɓe tuni. Suka tambaye shi ɗan ina ne, ya ce a Jazira aka haife shi, shi da ubansa. Wani ya ce harshensa bai yi kama da na Jazira ba. Suka sa shi ya durƙusa a kan kwalta, ɗaya ya shiga lalube shi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Salahuddin na jin batirin a cinyarsa, yana jin zufa na bi ta ƙarƙashin tsumman, yana jiran hannun ya sauka ƙasa kaɗan. Hannun ya tsaya a aljihu, ya fito da carbi, ya jefar. Suka buɗe kwanon suka zauna suka cinye, shi yana durƙushe yana kallon inuwar bishiyar na tsawo. Sai da suka suɗe hannu aka ce ya tashi ya ɓace.

Ya iske Baba Maiturare a tabarma yana fifita. Ya jona wayar tsohon da batirin kafin ma ya gama gaisuwa, ya ce so yake ya canza ƙuri'arsa zuwa Habasha. Tsohon ya ajiye mafici.

"Ɗana, shekara saba'in da uku ina ƙasar nan ana ce min baƙo. Yau na samu wurin da zan zaɓe ta da yatsana, ka ce in janye?"

Salahuddin ya gaya masa komai. Tsohon ya ce mai irin wannan wasa da ran mutane ba lallai ne ya cika alkawari ba, Salahuddin ya ce ya sani. Baba Maiturare ya miƙa masa wayar ya kawar da kai.

Ta kama, amma ba layi. Sai a saman rufi ake samu, kuma a kwanakin nan wanda ya tsaya a rufi ana iya ɗaukarsa mai leƙen asiri a harbo shi. Ya hau da rarrafe ya kwanta rub da ciki a kan siminti mai ƙuna, ya miƙa hannu sama da wayar. Rana ta yi ja ta can wajen Omdurman, hayaƙi na tashi wuri biyu. Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta tsaya tana juyawa. Yana addu'ar da bai san me yake faɗa ba, sai lambobin suka motsa. Sudan goma, Habasha goma sha biyu.

Bai yarda ya sake bin shingen ba. Ya zaga ta bayan makaranta, ya tsallaka kwaltar da gudu a inda wata motar bas da ta ƙone ta kare shi, gwiwar na ihu. Ana kiran magariba ya faɗo gida. Ya zaro wayar daga gari, ya hure ta, ya rubuta a zaure cewa an tashi, Habasha ta ɗau kofi. Ba wanda ya yi murna, ba wanda ya yi ƙorafi.

Saƙon ya zo kafin ya zauna. Ya shiga bayan ɗaki don kada Gogo ta ji.

"Mabruk, ya alƙali. Ni mai cika alkawari ne. Wayar nan a kasuwa na saye ta shekaranjiya, nan Omdurman. A kan tabarma suke zube, sun fi ɗari. Wannan ba ta da makulli, shi ya sa na ɗauka. Allon ya ɗan tsage, bayanta kuma akwai wani abu da ya bushe, ko lalle ne ko mene ne ban duba ba, na goge. Iyakar abin da na sani ke nan."

Salahuddin ya jingina da bango. Ya sulale ya zauna. Yinin nan kaf, da durƙuso a kwalta da kwanciya a rufi, abin da ya samo ke nan, kuma ya fi rashin sani muni. Ya so ya zagi mutumin da duk zagin da ya iya cikin harsuna biyu. Yatsansa na kan allon wani saƙon ya shigo.

"Amma na san mai tabarmar. In na ga dama gobe zan iya tambayarsa a wace unguwa ya samo ta, a hannun wa. Sai dai kasuwar da nisa, kuma ni zaman nan ya ishe ni, ba abin yi. Gobe wa da wa za su kara?"

Daga tsakar gida Gogo ta kira shi. Ta ce ta ji ƙarar waya, ko yarinyar ta zaɓa yau.

Ya ce mata eh, sunanta ya fito. Ya ji tana hamdala tana jan buta zuwa wurin alwala.

Gasar ta ƙare, an ba da kofi, ba sauran ƙasar da ba ta buga ba. Ya share garin da ya rage a kan allon da bakin rigarsa. Sunan matarsa na sama, da hotonta na ranar sallah, a ƙarƙashi an rubuta tana kan layi. Ya rubuta, ya goge ya sake sau biyu, sannan ya tura.

"Za a fara sabon kofi gobe da safe. Wace ƙasa kake so ta ci?"