Ƙarfen da ke Cikin Oben

Da hannu ɗaya ta kashe soket, da ɗayan ta fizgo yarinyar daga bakin oben. Hayaƙi ya turnuƙe kicin. Kek ɗin da ko minti goma bai yi a ciki ba ya koma gawayi, gilashin ƙofar kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa.

"Tsigi, buɗe hannun in gani. Buɗe wa Mama!"

Yarinyar shekararta biyu, ƙanƙantarta da rashin zamanta suka jawo mata sunan. Tafin hannunta ya yi jawur inda ta dafa gilashin. Uwar ta tara shi a famfo, ruwa na zuba, ita tana ƙirga yatsun kamar wani zai ɓace. Fatar ba ta tashi ba. Ta yi hamdala.

Kwana uku ke nan oben yana ƙona mata abinci. Tana ta rage lamba, tana cewa ƙarfin wuta ne.

Bayan azahar mai gyara ya iso, wani dattijo da jakar kayan aiki. Ta tsaya daga ƙofar kicin, Tsigi a kafaɗa.

"Baba, ka gaya min gaskiya. Fashewa zai yi?"

"In zai fashe ai ni zan riga ki sani, 'yata. Ki dai tsaya nan."

Ya rataya nasa ma'aunin zafi a ciki, ya murɗa lamba zuwa ɗari da tamanin, ya kunna. Ta tsagaggen gilashin yake karanta mata. Ɗari da tamanin. Ɗari biyu. Ɗari biyu da hamsin. Ta ja da baya har ta bugi bango. Allurar ma'aunin na dab da ɗari uku ya kashe.

"Ba ya tsayawa," ya ce. "Akwai wani siririn ƙarfe a ciki, sensa muke ce masa. Shi ke jin zafi ya ce wa wuta ya isa haka. In ya mutu, oben ya zama kurma, sai ya yi ta ci."

Da wurin ya huce ya durƙusa da tocila, ya leƙa bangon ciki. Ya daɗe yana leƙawa.

"Ikon Allah. Ga maƙalinsa, ga raminsa, shi kuma babu."

Ta kawar da kai, ta gyara wa Tsigi zama a kafaɗa.

Ya jawo oben daga bango, ya kwance murfin baya. Can cikin audugar da ke tare zafi ya zaro ƙarfen, tsawon fensir, waya na bin sa. Ya ce ta kawo ruwan zafi a kofi. Ya tsoma bakin ƙarfen, ya ɗora wayoyin mitarsa, lambobi suka fara hawa.

"Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya ma. Yana can baya yana shan iska, yana ce wa wuta ƙara, ƙara. Amma fa ba ya shiga da ƙafarsa, hannu ne ya tura shi." Ya dubi yarinyar. "Ko ke ce injiniyar gidan, amaryata?"

Tsigi ta miƙa masa jan hannunta, ta ce, "Zafi."

"Ba ita ba ce," in ji uwar. "Ni ce."

Dattijon ya ajiye mita.

"Ranar Talata na juya baya ina wanke-wanke. Ina waigowa na ga ta buɗe oben, a kashe yake, ta zura kai har kafaɗa. Ƙarfen nan yana saitin idonta, Baba, tsakaninsu bai kai ɗan yatsa ba. Na ɗauka marataya ce kawai. Na ɓalle shi na tura shi cikin ramin har ya ɓace." Ta ƙanƙame yarinyar. "Har daɗi na ji ranar."

Bai yi mata faɗa ba, bai kuma ce mata "ba komai" ba. Ya goge ƙarfen da gefen rigarsa, ya zura shi ta ramin ya dawo ciki.

"Ba za a iya rage masa tsawo ba?"

"A'a."

"To a naɗe shi da wani abu mana. Ko a lanƙwasa shi ya kwanta."

"Duk abin da kika rufe shi da shi, kin sake toshe masa kunne. Dole ya tsaya a fili, yadda kika same shi. Gobe zan zo da gilashi, in haɗo da sakatar da yaro ba ya iya buɗewa. Kafin nan ko hannu kada ki kai soket ɗin."

Ta sauke Tsigi a falo, ta jawo ƙofa, ta dawo ta durƙusa kusa da shi. Daga nan ƙasa, daidai tsayin yarinyar, bakin ƙarfen yana kallon ta, siriri, mai tsini, kamar yadda ta gan shi ranar Talata.

"Idona ba na da ba ne," ya ce, yana laluben maƙalin. "Haska min nan, 'yata."

Ta karɓi tocilar. Ta haɗa hannu biyu ta riƙe hasken a bangon oben har ya ɗaure ƙarfen a wurinsa.