Hasken da Aka Lanƙaya wa Muriel

Mutumin da aka ɗauko haya ya yi jawabi a jana'izar Muriel Ackroyd bai taɓa ganinta ba ko a mafarki. Clive ake ce masa, kuma sana'arsa ke nan a gidan da Turawa ke ƙona gawarwakinsu: a sallami wannan gawa, a shigo da waccan, shi yana tsaye da baƙar kwat da murya kamar an shafa mata man shanu. Abu ɗaya Gillian, 'yar marigayiyar, ta roƙe shi a waya, ya faɗi uwarta yadda take.

Ta kuwa gaya masa komai. Muriel mace ce mai tsami, ta ƙarar da ƙuruciyarta a masaƙar ulu ta garin Halifax, ba ta taɓa rungumar ɗa ba, amma duk wanda ya taɓa nata sai ya kwana da ciwon kunne.

Clive ya gyara tabarau ya fara. Wai Muriel tauraruwa ce. Wai in ta shiga ɗaki sai ya haskaka, idanunta na walƙiya, murmushinta na sheƙi, dariyarta na ƙyalli. Turanci ya tara kalmomin haske kamar ba a biyan kuɗin wuta, mutumin nan kuwa bai bar ko ɗaya a ƙasa ba. Maƙwabtan da Muriel ta sha zagi ta kan katanga suna ta gyaɗa kai, har da masu matso hawaye. Takaici ya cika Gillian, ta ji kamar ta cire takalmi ta jefe shi. Ko a kan karen wani aka karanta wannan jawabi, zai zauna daram.

Sai ta ji ana jan hannun rigarta. Babanta ne, Stanley, wanda tsufa ya fara taɓa wa tunani. Ya zuba wa akwatin gawar ido.

"Ke Gillian, wace ce wannan ake ta yabo?"

"Mama ce, Baba. Yi shiru."

"Kauce can! Muriel ɗin? Matar da ko ranar aurenmu harara ta bi ni da ita?" Ya lalubo sandarsa, ya miƙe da ƙyar. "Mun yi ɓatan ɗaki. Tashi mu nemo uwarki, kada su ƙone ta ba kowa a kanta."