Zabi Bakwai a Farin Yadi

Kakin zuma ya fara narkewa a kasko, Surayya ta warware farin yadin da ta yasar a ƙasan akwati wata tara cur. Zanen zabi uku ne a jikinsa, na huɗun ko kai ba shi da shi. Kuma wallahi ba wani dalili. Haka kawai hannunta ya mutu, in ta hura wuta sai ta zauna tana kallon kaki har ya sandare. Ita ɗin da matan Gummi ke rububin zanenta!

Maganar likita ce ta tashe ta: idon Inna ya kusa rufewa, kuma ba magani. Yadin kuwa na Inna ne, ita ta ce a zana mata zabi bakwai ɗin da ta kiwata a ƙauyensu Gwashi kafin su taso. Kunya ta kama Surayya, ga tsoron kada tsohuwa ta makance ba ta ga alkawarin ba.

Kwana uku tana tsoma tsinke a kaki mai zafi tana ɗiga zanen zabi ɗaya-ɗaya, yatsu duk ƙuna. Ta rina da baba, ta shanya. Saura a dafa yadin, kakin ya fita, farin zane ya bayyana. Ta ɗora tukunya.

"Kawo shi in gani," in ji Inna daga kan tabarma.

"Inna, bai ƙare ba, sai an cire kakin."

"Ke dai kawo."

Inna ta kai shi dab da fuska, ta juya wajen rana, ba ta ga komai ba. Kayya, an makara. Surayya ta kau da kai, hawaye na zuba.

Can sai yatsun tsohuwa suka hau bin tudun kakin.

"A'a! Ga wuya, ga ƙafa. Wagga ai gurguwar nan ce da shaho ya saki! Ashe kin tuna da ita?"

Surayya ba ta tuna ba, hannunta ne ya yi rawa a wurin.

"Na tuna, Inna."

"To in an dafa shi, mi za ya rage?"

"Zai yi sumul."

Inna ta ƙara riƙe yadin a cinya. Ruwa na ta tafasa. Surayya ta tashi ta sauke tukunyar, ta ɗauko gasara ta dama mata kunu da shi.