Da Sauƙi

Ranar da matata Hanne ta rasu, manhajar Farfesa Sagiru ta rubuta cewa ta warke.

Ɗan Gaya ne, malamin kimiyyar kwamfuta. Manhajarsa tana kiran marasa lafiya a garinmu Gafasa ta waya, ta tambayi jiki. Wanda ciwonsa ya tsananta a turo masa ma'aikaciyar lafiya. Hanne, tana numfashi da ƙyar, ta amsa yadda aka tarbiyyantar da ita: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ba a turo kowa ba.

Da wannan aikin ya zama farfesa. Na je ofishinsa, aka ce yana taro a Turai.

Tambaya ɗaya na so yi masa: shi mahaifiyarsa, a ciwon ajalinta, me take cewa in an gaishe ta da jiki?