Sunan da Sailuba Ba Ta Faɗa

Tun ranar farko Chundung ta sa wa matar ido. Cocinsu na Germantown ne ya kwaso su a bas zuwa wasu gidajen haya a Silver Spring, can Amurka, aikin bishara na mako guda. An yi dogon hutu, yaran da suka dogara da abincin makaranta sun koma hamma. Sai a kafa rumfa a tsakar gidajen, a raba abinci, a yi waƙa da zane-zane. Chundung ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Jos, kuma irin mutanen nan ce da in suka ce "ni na san mutanenmu", to an gama magana.

Matar sunanta Sailuba, 'yar Maraɗi, ba ta daɗe da zuwa ba, mijinta direban tasi ne. Yara uku take kawowa. Sunan ƙananan biyu ba ya barin bakinta: Haidar zo nan, Afnan share hancinki. Babbar kuwa, wadda ba za ta wuce shekara tara ba, sai dai "ke". Ba ta kallonta, ba ta taɓa ta. Ranar da yarinyar ta zana gida da bishiya ta kai mata, Sailuba ta karɓa tana kallon wani wuri.

Chundung ta ce bari ta gwada ta. "Maman Haidar, ita wannan yaya sunanta?"

Sailuba ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Tambaye ta, ai tana da baki."

"Furera," in ji yarinyar.

Shi ke nan, zargi ya sami wurin zama. Chundung ta sha jin labarin masu ɗauko 'yar ƙauye su shigo da ita Amurka da sunan 'yarsu, alhali 'yar aiki ce. Daga nan komai ya zama shaida. Furera ce ke ɗaukar jaka, ita ke goyon Afnan. Kitsonta mai kyau ma bai wanke Sailuba ba, Chundung cewa ta yi masu irin wannan hali sun iya rufa-rufa. Tsakani da Allah tausayin yarinyar take ji, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ta kai maganar wurin Olive, Ba'amurkiyar da ke shugabantar tawagar. An koya wa Olive cewa duk wanda ya ga alamar ana cutar da yaro, dole ya sanar da hukuma.

"Kin tabbata? Ke kika san al'adarsu," in ji Olive.

"Na san su."

Hausar kasuwa Chundung ta sani, ta ciniki da gaisuwa. Ba ta taɓa wuni a cikin gidan Bahaushe ba. Olive ta buga waya.

Ranar Juma'a Furera ta zo rumfa da gudu, ta ce Inna na kira. Sailuba ta tari Chundung a bakin ƙofa ta riƙe mata hannu gam.

"Alhamdu lillahi, 'yar'uwa. Maigida na wajen aiki, ga wata madam ta zo, ban jin mi take cewa. Ke ɗai na sani mai jin maganata."

Baƙuwar ma'aikaciyar hukumar kare yara ce, tana zaune a falo. A bangon da ke bayanta Chundung ta ga zanen gida da bishiya, an manna shi da kyau, shi kaɗai a bangon.

Ma'aikaciyar ta ce a tambayi matar ko yarinyar tata ce, kuma yaya sunanta.

"Ɗiyata ce mana, ta fari," in ji Sailuba. "Mu ba mu faɗin sunan ɗan fari, ba mu wasa da shi gaban mutane. Kunya ce. Uwata har ta rasu ban ji ta kira sunan yayana ba."

Chundung ta fassara. Ma'aikaciyar ta gyaɗa kai cikin ladabi, amma ta ce tana so ta ji sunan daga bakin uwar.

"In ban faɗa ba tahiya za su yi da ita?" Sailuba ta tambaya.

Sailuba ta dubi ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Furera," ta ce a hankali.

Yarinyar ta waiwayo a firgice. Ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba, don haka ta ɗauka abin ya kai inda ba gyara. Ta fashe da kuka ta ƙanƙame ƙafar uwarta.

Sailuba ta share ido, ta sake kamo hannun Chundung.

"'Yar'uwa, don Allah tambayar mini ita. Wa ya ce masu ba ɗiyata ba ce?"

Ma'aikaciyar ta ɗago kai tana jiran a fassara mata.