Wardina Mai Karanta wa Kaka Jarida

Duk ƙauyen babu wanda ya yarda Wardina ba ta iya karatu ba sai uwarta, Hasnita. Yarinyar shekararta tara, kunnenta kamar rikoda, abin da malami ya faɗa sau ɗaya ya zauna ke nan, shi ya sa makinta bai taɓa faɗuwa warwas ba. Amma Hasnita ta sha samunta ta tasa littafi a gaba, hawaye na ɗiga a kan shafi, tana cewa, "Mama, baƙaƙen nan ba sa tsayawa, yawo suke yi kamar tururuwa."

Hasnita ta roƙi makaranta ta tura yarinyar wajen likita a gwada ta, a sa ta cikin shirin yara masu buƙata ta musamman. Aka ce makinta bai lalace har haka ba. Ta sake roƙo, aka sa mata ranar zama da shugabar makaranta, aka kuma nuna mata cewa in an tashi daga wannan zama, magana ta mutu sai baɗi.

Ita kuwa Hasnita kunya ce da ita, ko mai kifi ba ta iya yi wa tayi. Mijinta, wanda in ya yi murmushi sai ta manta da abin da ta ɗora a wuta, yana aiki a jirgin ruwa can tsakiyar teku. Sai ta nufi wajen surukinta, Tok Deraman (Tok, wato kaka), wakilin neman aure na ƙauyen. Duk saurayin da ya ga yarinya, Tok ake sawa a gaba da farantan kyauta, kuma abin alfaharinsa shi ne ba a taɓa dawo da shi hannu rabbana ba.

"Baba, don Allah wahalar da take sha za ku faɗa musu," in ji Hasnita. "Ba yabo za mu je yi ba."

"'Yar nan, ki dai zuba ido. Ni da na samo wa Seman mata, mutum mai haƙori uku? Wata shugabar makaranta ce za ta gagare ni?"

Ranar zaman, gaban Hasnita ya faɗi tun daga ƙofa. Tok ya fito cikin rigar siliki, ya ɗaura zanen zinare a ƙugu, ya kafa baƙar hula, ga faranti na shinkafa mai danƙo, ta sha kurkur, an jera mata dafaffen ƙwai.

A ofis suka tarar da shugaba, Malama Salbiah, da Malama Yusrina mai kula da ajin musamman. Tok ya dire faranti, ya yi gyaran murya, sai tsohon aiki ya motsa.

"Ranki ya daɗe, wani fure muka zo da shi daga lambunmu. Ku duba shi gaba da baya, babu aibu ko ɗaya. Ladabi? Har kaji take gaisarwa. Basira kuwa..."

Hasnita ta take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"'Yar nan, ƙafata ce wannan, ta tebur tana gaba." Ya ci gaba. "Basira kuwa, danginmu ba su taɓa haifar irinta ba."

Malama Salbiah ta yi murmushi, ta fara rufe fayil. "To ai ka faɗi abin da muka faɗa, Tok. Yarinya lafiyarta lau."

"Lau ma kuwa! Tun da yanar ido ta rufe mini gani, wa ke karanta mini jarida kullum da la'asar? Ita! Daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe ba ta yi." Ya zaro jarida daga aljihu. "Jikalle, nuna musu. Ɗora daga inda muka tsaya jiya."

Hasnita ba ta san da wannan ba, don da la'asar tana masana'anta wajen aiki. Ta kalli 'yarta, 'yar ta kalli ƙasa. Nan take zuciyar uwa ta gane komai. Sai kawai ta ji muryarta ta fito.

"Malama Yusrina, don Allah ki tsaya a bayanta ki riƙa duba shafin."

Wardina ta buɗe jarida, ta ɗauki muryar masu karanta labarai a talabijin. "Ɗan birin nan mai tsinko kwakwa, wanda ya ajiye aiki ya tafi neman ubansa a teku, ya isa tashar mota. Direba ya ce ba ya ɗaukar fasinja marar takalmi."

"Azzalumi!" in ji Tok, ya bugi tebur har ƙwai ya gangaro.

Malama Yusrina ta leƙa. Shafin kaf maganar farashin manja yake yi. Ta durƙusa kusa da yarinyar, ta ɗora yatsa a kan babban rubutun sama. "'Yata, wannan kalmar kaɗai za ki karanta mini."

Wardina ta zuba wa kalmar ido, leɓenta na motsi, babu abin da ya fito. Can sai hawaye.

"Tok, ka yi haƙuri. Na ga kana son labari ne, ni kuma baƙaƙen ba sa tsaya mini."

Tok ya dafe kai, hula ta karkace. "To kajin da suka yi yajin ƙwai fa?"

"Ni ce."

"Da alƙalin da ya ɗaure agwagwa?"

"Ni ce, Tok."

"Innalillahi! Tun ƙaramar salla nake gaba da Seman a teburin mai shayi, don ya ce ƙarya ne!"

Malama Salbiah ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza, ba a san dariya take ko kuka ba. Ta sake buɗe fayil. Ta ce za a tura Wardina wajen likita, kafin nan kuma ta riƙa zama da Malama Yusrina kowace safiya, a jarrabawa a karanta mata tambayoyi, a ƙara mata lokaci.

"A rubuta, Malama," in ji Hasnita. "A sa hannu kafin mu tashi." Ita kanta sai da ta waiwaya ta ga ko wata ce ta yi maganar.

A hanyar gida Tok na gaba, ya rungume farantin da malamai suka sharce tas.

"Kin gani ko, 'yar nan? Na ce miki ba a dawo da ni hannu rabbana."

"Na gani, Baba."

Ya ɗan rage tafiya har Wardina ta iso shi, ya sassauta murya. "Jikalle, tsakanina da ke, ɗan birin nan zai ga uban nasa kuwa?"

Wardina ta share hanci da bayan hannu, ta kama yatsan uwarta.

"Sai jirgi ya dawo, Tok."