Dardumar da Asu Ya Ci

Aibina ɗaya, ba na iya riƙe sirrin maƙwabci, ko da na yi rantsuwa. Saboda haka ga abin da ya sami Asmuni, maƙwabcina a garin Banjarmasin.

Ana gobe addu'ar shekara ta mahaifinsa, ya ciro dardumar marigayin daga ƙasan kwaba, ya warware ledar da hannu biyu. Wasu 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa suka tashi a kasalance. Ya shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, sai ga tabarma tana leƙowa ta ramuka uku: ɗaya a wurin goshi, biyu a wurin tafin hannu.

Matarsa Norhayah ta tsuguna, ta tsinci wani abu kamar ƙaiƙayin shinkafa, ta murza. Tsutsa ce a ciki.

"Asu ne, maigida. Ulu ya samu, ga duhu, ga ba mai takura masa."

"Na sa kanumfari fa."

"Ka yi masa yaji ke nan. Sau nawa na ce ka ba ni in wanke in shanya?"

Shekara huɗu Asmuni yana hana ruwa taɓa dardumar, domin gumin Baba yana jikinta, yana hana rana ganinta kada launi ya koɗe. Daga Makka tsohon ya kawo ta. Bayan rasuwa Asmuni ya dawo daga Surabaya, inda ya yi shekara ashirin yana aiki, ya karɓe ta daga hannun yayarsa Masitah. Hujjarsa ita ce shi ne namiji, kuma shi ya san darajar abu.

"Wurin gumi suka fi so," in ji Norhayah. "Sun san inda albarka take."

"Ke dai ɗauko buroshi."

Suka wuni a kai. Suka kakkaɓe ta a rana, suka goge ƙwai daga gefuna, suka fitar da komai na kwaba suka wanke da ruwan zafi. Ramukan dai suna nan. Asmuni ya gwada ɗora tasbaha a kan na tsakiya, ya ja baya ya duba. Tasbahar ta zama kamar an yi wa ramin ado.

Washegari Masitah ta riga baƙi isowa, da kwandon waina a hannu. Ta tarar da shi a tsaye kan dardumar, ƙafa ɗaya a kan rami.

"Matsa, Muni."

Ya matsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zura yatsa a ramin goshin.

"Yaya, laifina ne. Abin da ya rage mana na jikin Baba ke nan, na bari ƙwari suka cinye. Idan kin ce ki tafi da ita, ba ni da bakin magana."

"In tafi da ita in tankaɗe gari?"

"Gumin nasa nake ji, ba ulun ba."

Masitah ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta miƙa wa Norhayah kwandon.

"Baba bai taɓa salla a kanta ba," ta ce. "Shi ma a leda ya ajiye ta, kamar kai. Da ya kwanta ciwo ni na ciro ta, na yi shekara tara ina salla a kai. Gumina ne."